Mai Hayar Mota, Ɗan Ayari da Sauran Bayin Allah a Tashar Napoli

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke kewaya Bahar Rum tafiyar dare suke yi, su yini a tsaye. Mutum ya kwanta ana tsakiyar teku, ya farka ya tarar an ɗaure jirgi a bakin wani gari da bai taɓa gani ba. Sai a ba shi awa takwas ko tara, in an yi masa karamci goma, a ce je ka ga gari, amma ka dawo kafin a janye tsani. Lokacin dawowar yana nan rubuce a allo a bakin ƙofar sauka, galibi rabin awa kafin tashi, kuma ba don ado aka rubuta shi ba.

Waɗannan 'yan awoyi ne ke raba dubban fasinjoji gida biyu tun a teburin karin kumallo. Wasu su ce bas ɗin da kamfanin jirgi ya shirya za su hau, a kai su a dawo da su. Wasu su ce Allah ya kiyaye, hayar mota za su yi su tafi inda ransu ya so. Kowane ɓangare da hujjarsa ta kuɗi da ta lokaci, ana ta zuba lissafi a bayan takardar goge baki. Amma in ka saurara da kyau za ka gane hujjar daga baya aka nemo ta. Hali ya riga ya yanke hukunci tun a gida, kuma babu tashar da ta kai Napoli, a kudancin Italiya, iya tona wannan hali.

Dalili kuwa, garin ya cika tayi. Jirgi yana tsayawa ne a tsakiyar birni, daura da tsohuwar fadar Castel Nuovo. Kilomita 25 ko makamancin haka ga kufan Pompei, garin da dutsen Vesuvio ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya. Dutsen ma ga shi can yana kallon kowa, rabonsa da aman wuta tun 1944. Gaba kaɗan ga Sorrento, bayanta gaɓar Amalfi da garuruwanta masu maƙale da tsauni. Taku kaɗan daga tsanin jirgi kuma ga Molo Beverello, inda ƙananan jirage masu gudu ke kai mutum tsibirin Capri cikin ƙasa da awa guda. Duk wannan, da awa tara.

Na farkon sauka shi ne Sarkin Lissafi. Shi tun wata uku kafin tafiya ya gama aikinsa. Ya duba farashin yawon da jirgi ke sayarwa, ya ninka shi sau huɗu, shi da uwargida da yara biyu, ya dafe ƙirji. Sannan ya buɗe intanet ya ga 'yar Fiat Panda ana ba da hayarta yini guda a kuɗin da bai kai na kujera ɗaya a bas ba. Daga ranar ya zama mai wa'azi. Duk wanda ya zauna kusa da shi a wurin cin abinci sai ya sha karatu a kan yadda kamfanin jirgi ke yanka mutane da wuƙar katako.

Lissafinsa daidai ne, sai dai bai kai ƙarshen shafi ba. Sau da yawa ofishin hayar da ya samu da araha ba a bakin jirgi yake ba, yana wajen babbar tashar jirgin ƙasa ko ma filin jirgin sama na Capodichino, ga kuɗin tasi ke nan zuwa da dawowa. Ya isa ya tarar da layi, don ba shi kaɗai Allah ya ba wayo ba. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar ta nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda dokar Italiya ta ɗora wa mai lasisin da ba na Tarayyar Turai ba. Ta nemi katin bashi na banki mai sunan direba, a riƙe wasu ɗaruruwan yuro jingina. Sannan ta yi murmushi ta tambaye shi ko yana son cikakkiyar inshora, ta ɗan kalli titi ta taga, ta sake kallonsa. Shi ma ya kalli titin. Ya ga motocin da ke wucewa, kusan kowacce da tabonta a gefe, ya ce a sa masa. Kafin ya murza makulli ƙarfe goma ta gota. Saura mai, da kuɗin babbar hanya, da kuɗin ajiye mota a garin Positano na gaɓar Amalfi, inda ake lissafi awa-awa kuma ba a san rangwame ba. Araha dai ba ta ado.

Babban abin kuwa ba ranar yake zuwa ba. A biranen Italiya akwai unguwannin da aka taƙaita shigar motoci, alamarsu farar da'ira mai jan baki da haruffan ZTL, kamara ce ke gadinsu. Ba wanda zai tsayar da kai, ba wanda zai busa usur. Ka shiga ka fita lafiya lau, har ka yaba wa kanka da ka gano gajeriyar hanya. Sai bayan watanni, an dawo gida an manta, kamfanin haya ya ciri kuɗinsa na wahalar miƙa sunanka ga hukuma, sannan takardar tara ta biyo baya. Doka ta ba su har kwana 360 su sanar da wanda ke zaune a ƙetare. Wannan takarda Sarkin Lissafi ba ya shigar da ita cikin littafinsa. A aljihun tebur take kwana, kuma har gobe in an yi zancen Napoli zai ce ai shi ya fi kowa cin riba.

Abokin tafiyarsa a aƙida, ko da yake ba kuɗi ne ya dame shi ba, shi ne Direban Duniya. Kowace ƙasa tana da nata. Ɗan Masar zai ce wanda ya tuƙa mota a Alƙahira ba abin da zai ba shi tsoro, ɗan Indiya ya ce Mumbai, namu kuma ya gyara hula ya ce, “Ni da na yi shekara goma ina tuƙi a Legas?” Abin da bai faɗa ba shi ne, cikin shekarun nan motarsa otomatik ce, rabonsa da taka kuloci tun yana koyo. Motocin haya masu araha a Italiya kuwa galibinsu masu kuloci ne. Don haka tun a ƙofar gareji mota ta mutu sau biyu, ya ce laifin motar ne.

Ya fita birni da ƙyar, 'yan babur Vespa suna wuce shi hagu da dama, wata tsohuwa da kwandon kifi a tsakanin ƙafafunta ta yi masa alama da yatsu a haɗe. A shingen biyan kuɗin hanya ya faɗa layi mai alamar rawaya, na masu na'urar Telepass, sanda ta ƙi ɗagawa, na baya suka haɗa masa kiɗan ham. Duk wannan share fage ne. Jarrabawar tana kan hanyar gaɓar Amalfi, SS163, wajen kilomita 50 na kwana bayan kwana da aka sassaƙa a jikin tsauni. In ka taso daga Positano ka nufi Amalfi, dutse yana hagunka, teku yana damanka can ƙasa, tsakaninka da shi ɗan gajeren gini. Ma'ana, wadda ke kujerar gefen direba ita ce ke ganin ramin sosai.

“Alhaji, ka ɗan matsa can, ga rami fa.”

“Hajiya, don Allah ki bar ni in yi tuƙi.”

Sai a ji wani dogon ham daga bayan kwana, mai murya biyu. Kafin Alhaji ya gama tambayar mene ne, ga gaban bas ya cika hanya. Direban bas ɗin ba ya fushi, ya saba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje, yana nuna wa Alhaji ya ja baya. Ribas kuwa ta ƙi shiga, don a irin waɗannan motoci sai ka ɗaga wani ɗan zobe a ƙasan kan sandar giya, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya tura, mota ta zabura gaba. Hajiya ta fara salati da ƙarfi. Yara a baya sun yi tsit. Fasinjojin bas, waɗanda wataƙila daga jirginsu ɗaya suka sauko, sun manna fuska a gilashi suna ɗaukar hoto. Daga ƙarshe wani saurayi ya sauka daga babur, ya zo ya naɗe masa madubin gefe, ya zura hannu ta taga ya ɗaga zoben, ya koma bai ce uffan ba. Bas ya wuce da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba.

“Ai da ma na ga zoben,” in ji Alhaji.

“Haka ne, Alhaji. Allah dai ya kai mu lafiya.”

In an tambayi Direban Duniya yadda gaɓar Amalfi take, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1997, zai ce masha Allah. Amma abin da ya gani farin layin tsakiyar titi ne da bayan motar gabansa. Akwai ma wanda ba ya kaiwa nan: tun 2022 hukuma ta kawo tsarin karɓa-karɓa a ranakun cunkoso na bazara, inda lambar ƙarshe ta mota, cika ce ko mara, ke nuna ranar da za ta hau hanyar da rana. Mazauna wurin da tasi da bas ba ruwansu da dokar, motar haya ce abin nema. Shi kuwa mai haya ba shi ya zaɓi lambarsa ba.

Kada a manta da Ɗan Raɓe, wanda ba ya haya kuma ba ya sayen tikitin bas. Shi a bakin lif yake farauta. “Na ji an ce kun ɗauki mota, ko da wurin mutum ɗaya?” Ya shiga, ya ce shi in ya zauna a baya jiri yake ji, ya karɓe gaba. A shingen biyan kuɗi yana laluben aljihu har sanda ta ɗaga, a gidan mai kuwa ya shiga banɗaki. Amma shawara kam kyauta yake ba da ita, tun daga kan hanyar da ya kamata a bi har inda aka yi kuskure.

Can ɗaya gefen ga Ɗan Ayari, mutumin da ya sayi kwanciyar hankali da tsada kuma bai yi nadama ba. Tun bakwai da rabi yana zaune a zauren taro na jirgi, an manna masa 'yar takarda mai lamba a ƙirji, an rataya masa 'yar rediyo a wuya da abin sawa a kunne. Da an kira lambarsa ya miƙe ya bi wata baiwar Allah mai ɗaga faifai a kan sanda, kamar alhazai a bayan tutar jiharsu a Mina, kowa idonsa a sama kada ya ɓata. Aƙidarsa ɗaya ce, kuma gaskiya ce: in bas ɗin da jirgi ya shirya ya makara, jirgi zai jira, in ma jiran bai yiwu ba kamfani ne zai ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba. Wannan alkawarin shi ne ainihin abin da ya biya. Bas da 'yar jagora gyara ne aka yi masa.

Sai dai kwanciyar hankalin tana da nata harajin. Pompei hekta 66 ce, an tone wajen kashi biyu cikin uku, mutum zai iya yini a ciki bai gama ba. Ɗan Ayari awa biyu aka ware masa. Ya ga dandalin gari, ya ga gidan wanka, ya ga siffofin mutanen da toka ta rutsa da su, yana shirin tsayawa ya yi tunanin duniya sai ya ji murya a kunnensa tana cewa a matsa gaba. Amma da aka tsaya a shagon masu sassaƙa kwanson teku da murjani, sana'ar da aka san garin Torre del Greco da ita, ba wanda ya ce a matsa gaba. Minti arba'in cur, kuma banɗakin da aka yi musu alkawari yana can ƙarshen shago, sai ka ratsa kowane kanta kafin ka kai.

Cikin bas ɗin ma duniya ce guda. Akwai Malam Tambaya, wanda ya karanta littafi ɗaya a kan daular Rum kuma ba ya tambaya don ya sani, sai don a san ya sani. Duk tambayarsa da “ba haka ba ne cewa” take farawa. Akwai Makararriya, wadda aka ce a haɗu ƙarfe ɗaya, ta iso ɗaya da kwata da leda uku, ta hau tana cewa “Lah, ni ake jira?” mutum arba'in da tara suna kallonta da idon da ba na ƙauna ba. Akwai mai barci, wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya yi minshari a gefen ɗaya daga cikin kyawawan hanyoyin duniya. Akwai kuma bawan Allah mai tsoron Allah da aka miƙa wa ɗan kofi na wani abu rawaya mai sanyi a Sorrento, aka ce na lemon tsamin garin ne, kyauta. Ya yi bisimilla ya kai baki. To, a sani tun yanzu: limoncello barasa ce, kuma mai ƙarfi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Haɗamamme. Shi ba ruwansa da mota ko bas, duk wanda zai kai shi ko'ina shi ne nasa, kuma da yake babu bas ɗin da zai yarda da haukarsa, mota yake ɗauka. Jadawalinsa a waya yake, minti-minti: tara Pompei, sha ɗaya bakin ramin Vesuvio, sha biyu da rabi Positano, biyu Amalfi, in hali ya yi a leƙa Ravello, huɗu a tsallaka Capri, biyar a ci fiza a tsohon gari. Bai lissafa cewa tun Nuwamban 2024 an taƙaita masu shiga Pompei zuwa 20,000 a rana ba, tikiti kuma da suna. Bai san ana sayen tikitin hawa Vesuvio ta intanet ne da lokacinsa ba, kuma daga inda mota ke tsayawa sai an taka da ƙafa a kan tsakuwar toka mai zamewa. Capri kuwa ba a barin motar baƙo ta shiga a lokacin yawon buɗe ido, kogon nan mai shuɗin ruwa da yake ta mafarki kuma ƙofarsa ƙanƙanuwa ce, sai an kwanta a cikin kwalekwale ake shiga, da igiyar ruwa ta ɗan tashi a rufe. Taura biyu ba ta taunuwa, shi shida ya zuba a baki. Da yamma zai dawo da hotuna ɗari uku, rabinsu ta gilashin mota, kuma in ka nuna masa ɗaya ka ce nan ina ne, sai ya duba lokacin da aka ɗauka kafin ya ba ka amsa.

Kishiyarsa Mai Agogo Biyu ne. Ya taɓa jin labarin wanda jirgi ya bari, kuma labarin bai bar shi ba. Agogon hannu yana kan lokacin jirgi, waya tana kan lokacin gari, yana duba su bi da bi. Ya san Girka ta fi Italiya da awa ɗaya kuma waya kan canza lokaci ba tare da sallama ba, don haka bai yarda da ko ɗaya ba. Ba ya zuwa inda ba zai hango bututun hayaƙin jirgi ba. Ya kewaya Castel Nuovo, ya leƙa rumfar gilashi ta Galleria Umberto, ya sha kofi a tsaye, sha ɗaya da rabi ya dawo yana haki, saura awa shida. A yi masa adalci: abin da ya gani kaɗan ne, amma ya gan shi da idonsa, ya fi Haɗamamme.

Akwai wanda ma bai sauka ba. Ya ce duk gari gari ne. Ranar tsayuwa ita ce ranar da wurin ninƙaya ba kowa, layin abinci ba kowa, kujerun shan iska duk nasa. Ya yi tafiyar dubban kilomita ya zo Napoli ya kalle ta daga hawa na goma sha biyu da farantin kankana a cinya. Ba ni da abin cewa a kansa, don shi kaɗai ne ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sai Mai Ciniki, wanda ya raina bas ya kuma ji tsoron sitiyari, ya ce tasi zai ɗauka a bakin ƙofa, ai magana ce. In namu ne, da direba ya ji daga inda ya fito zai ware hannu ya ce, “Najeriya? Osimhen!” Da gaskiyarsa, don Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 a kakar da Napoli ta ɗauki kofin Serie A a 2023, karo na farko tun na zamanin Maradona a 1990. A rungume juna, a ɗauki hoto, Mai Ciniki ya shiga mota yana jin ya samu ɗan'uwa, bai ƙara tayar da zancen kuɗi ba don kunya. Sai da aka dawo ya gane ƙaunar Osimhen daban, kuɗin tasi daban. Alhali tasin Napoli suna da tsayayyen farashi da hukumar birni ta yanka wa sanannun wurare, a rubuce a cikin mota, sharaɗin kawai ka nema kafin a tashi.

Wanda ya fi kowa gaskiya, kuma saboda haka ya fi kowa wuyar zama, shi ne Ɗan Jirgin Ƙasa. Ya san layin Circumvesuviana, wanda ke tashi daga Porta Nolana ya bi ta tashar Garibaldi ya nufi Sorrento, ya sauke mutum a tashar Pompei Scavi, taku kaɗan da ƙofar shiga kufan, cikin wajen minti arba'in, a 'yan yuro ƙalilan. Ya san jirgin yakan cika maƙil, ga zafi, ga 'yan sane, don haka jakarsa a ƙirji take rataye. Ya duba tun jiya ko akwai yajin aiki, don a Italiya ana yinsa kuma ana sanarwa tun kafin ranar. Ya yi awa huɗu a Pompei a tsanake, ya dawo da sauran lokaci har ya zauna ya ci fiza. Duk wannan abin yabo ne. Matsalarsa bakinsa. Da ya gan ka da takarda mai lamba a ƙirji sai ya matso: “Nawa ka biya?” Ka faɗa. Ya yi shiru, ya girgiza kai, ya faɗi nasa a hankali, yana kallon cikin idonka.

Da la'asar sakaliya ake fara babban wasan. Saura minti ashirin a janye tsani sai a ji lasifika tana kiran sunaye, ana roƙon masu su su tuntuɓi teburin karɓar baƙi. Kowa ya san ma'anar wannan: ba su dawo ba. Nan da nan barandar kowane ɗaki da ke fuskantar tasha ta cika. Ga Mai Agogo Biyu a sahun gaba, wannan ce sallarsa. Ga wanda bai sauka ba da sabon farantin kankana. Waya a hannun kowa.

Shi kuwa wanda ake kira yana can a babbar hanya cikin cunkoson yamma, yana hango jirgin fari tas a bakin teku. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Sai ya nemi gidan mai ya cika tanki, ya mayar da mota, ya tsaya ma'aikaci ya kewaye ta da fitila yana shafa wani karce da Alhaji ya rantse da shi ya same ta, sannan ya nemi tasi. Daga ƙofar tasha kuma sai ƙafa. A nan ake ganin babban mutum, mai kamfani da ma'aikata, ya tattare riga yana gudu, takalmi ɗaya a hannu, ledar tsaraba tana dukan gwiwa, dubban mutane daga sama suna tafi da sowa. In ya kai, ya shiga kansa a ƙasa. In bai kai ba, ba mugunta kyaftin ya yi masa ba: wurin tsayuwa da kuɗi ne, jagoran da zai fitar da jirgi daga tasha yana da lokacinsa, makara kuma tana nufin ƙarin gudu da ƙarin mai cikin dare. Wakilin jirgi a tashar, wanda lambarsa ke cikin takardar shirin rana da ba wanda ke karantawa, shi zai karɓe shi, wani lokaci da fasfonsa da aka ciro daga ɗaki. Daga nan kowa tasa ta fishshe shi. In tasha ta gaba Civitavecchia ce da sauƙi, jirgin ƙasa mai gudu zai kai shi Roma cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, ya sake wani zuwa bakin teku. In Malta ce ko Barselona, sai tikitin jirgin sama na gaggawa da ɗakin otal, duk daga aljihunsa.

A teburin abincin dare kuma kowa ya ci nasara. Sarkin Lissafi ya faɗi abin da ya rage, Direban Duniya ya ce hanyar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, Hajiya ta ci gaba da shan miyarta, Ɗan Ayari ya nuna abin wuyan murjani, Haɗamamme ya lissafa garuruwa da yatsu har ya ari na makwabci.

Ba cewa nake hayar mota ba ta da ranarta ba. A tsibiri irin Lanzarote, inda hanya take shimfiɗe, tazara gajera, cunkoso kaɗan, mai mota ya fi mai bas morewa nesa ba kusa ba. Amma Napoli ba nan ba ce. In Allah ya kai ka, ɗan'uwa, zaɓi wuri ɗaya tak. In Pompei ce, hau jirgin ƙasa da sassafe, ka kama hanyar dawowa da sauran awa biyu a hannu. In gaɓar Amalfi ce, biya kuɗin bas ɗin jirgi, ka nemi kujerar taga ta ɓangaren dama, ka bar sitiyari ga wanda aka haifa a kan hanyar. Kuma kafin ka taka tsanin sauka, ɗauki hoton allon nan mai lokacin dawowa, ka kwafi lambar wakilin jirgi a takarda ka sa a aljihu.